Jegon da na yi a ɗakin bakwaini

Cikin fari ne, saboda haka da ya shiga wata na bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace yarinya a wajenmu. Ƙauyenmu yana cikin masarautar Ringim, a bakin fadama, inda sanyin hunturu ke ratsa mutum har ƙashi. Tun ina ɗakina nake zuwa awo, ba a taɓa ce mini ga wata matsala ba. Lissafin da ke katina ya nuna da sauran wata biyu. Inna ma ba ta gama tara itacen wankan jego ba.

Wani dare bayan lisha na ji ruwa ya ɓalle mini, babu ciwo babu komai. Inna ta haska fitila ta ce faya ce ta fashe. Aka taso ungozoma, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin yaran ƙauyen, har da tawa. Allah ya saka mata da alheri, tana gama ƙirga watanni a yatsunta ta ce wannan ba haihuwar gida ba ce, a nemo mota. Kafin motar ta samu mara ta fara murɗawa. Ƙaramin asibitin da ke kan hanya muka iya kaiwa, mai ma'aikaciya ɗaya tal da ke kwana, kuma a nan na sauka gab da kiran assalatu.

Mace ce. Ba ta tsala kukan nan da ake jira ba, wani ɗan nishi take yi a kan kowane numfashi, fatar ƙirjinta tana lotsawa tsakanin haƙarƙari. Jikinta ja wur, ana ganin jijiyoyi, damtsenta bai fi babban yatsana kauri ba. Aka ɗora ta a sikeli: kilo 1.4. Inna ta miƙe za ta nemi inda za a ɗora ruwan wanka, ma'aikaciyar ta riƙo hannunta.

"Mama, kada ruwa ya taɓa yarinyar nan. Sanyi ne zai fara yi mata illa kafin komai."

Ta goge ta da busasshen ƙyalle, ta sa mata hula, ta buɗe gaban rigata ta kwantar da ita tsirara a tsakiyar ƙirjina, ta ɗaure mu tare da zane, ta ɗora bargo. Sannan ta rubuta takarda ta ba Inna. Ta ce ba ta da oksijin, ba ta da kwalba, mu tafi yanzu ba sai rana ta fito ba, kuma ko motar ta lalace a hanya kada a raba ta da jikina.

Har gobe ina ganin wannan baiwar Allah ce sanadin rayuwar 'yata, ita da ba ta da komai a ɗakinta sai fitila da sikeli. Daga baya na ga jariran da ake kawowa an naɗe su tawul kan tawul, amma idan aka taɓa ƙafarsu sanyi ƙalau. Bakwaini ba shi da kitsen da zai samar masa ɗumi, zane kuwa ba ya haifar da zafi, wanda ya tarar yake riƙewa. Idan jikin ya huce sukarin jini ya faɗi, numfashi ya ƙara wuya, sai abu ya haɗe masa goma da ashirin.

Mu mutanen wannan yanki wuraren da za mu kai irin wannan jariri ba su da yawa. Akwai Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take aiki tun 2008 a ɓangaren haihuwa da jarirai da masu yoyon fitsari. Akwai Dutse, akwai Birnin Kudu. In ba haka ba sai Kano. Kowanne tafiya ce, kuma a isa daban, a samu gado daban. Maigidana ya iso a kan babur daga garinsu, shi da Baba suka yi ta buga waya a tsaye a bakin mota, har wani ɗan'uwa ya ce ga inda ake da wuri. Can muka nufa. Abin da na riƙe na hanyar shi ne tafin hannuna a bayanta, ina jin yana ɗagawa yana sauka, Inna tana ta jan Hasbunallahu.

Ɗakin jarirai ba wurin da kowa ke faɗawa da kwanon abinci ba ne. Ƙofa a rufe take, uwa kaɗai ke shiga. Za ki cire takalmi, ki cire zobe da awarwaro, ki wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, kuma haka za ki yi duk shigar da za ki yi, ko sau nawa ce a rana. Sista ta zare ta daga ƙirjina ta sa mata ma'aunin zafi a hammata. Ta ce abin da ake so tsakanin digiri 36.5 da 37.5 ne, nata ya ɗan gaza, amma ga wadda ta sha tafiya a wannan sanyi an yi ƙoƙari. Ta soki dunduniyarta ta ɗiga jini don duba sukari. Ni kuma aka tura ni ɓangaren masu haihuwa a duba jikina.

Da na dawo a cikin kwalba na same ta, akwati garai-garai mai zagayayyun tagogi da ake zura hannu. An sa mata 'yar roba a hanci, ɗaya bakin robar yana nutse a gorar ruwa tana ta ɓulɓul. An samu jijiya a bayan hannunta an ɗaura ruwa, an tallafe hannun da ɗan kwali. A ƙafarta wata jar fitila ce ke ci, igiyarta ta tafi wani allo mai lambobi da ke ƙara idan lambar ta sauka. Na tsaya ban san ta inda zan taɓa ta ba.

Likitan da ya zo zagaye ya ce a lissafinsu mako 31 ta yi a ciki, alhali cikakken ciki mako 40 ne, kuma duk wanda ya fito kafin 37 ya zo da wuri. Huhunta bai gama nuna ba, shi ya sa take nishi. Iskar gorar nan ita ke tokare huhun kada ya rufe bayan kowane numfashi. Allurar da ake mata ta kashe ƙwayoyin cuta ce, domin idan faya ta fashe da wuri hanya ta buɗe musu. Ya ce akwai allurar da ake yi wa uwa idan an ga haihuwa za ta zo kafin lokaci, tana gaggauta nunar huhun jariri, amma sai mace ta iso babban asibiti da sauran lokaci. Goggo, ƙanwar Baba, ta aiko ni in tambaya ko gaskiya ne ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Ya ce sam, kowane mako da jariri ya ƙara a ciki riba ce. Sannan ya dube ni ya ce, "Ba zan yi miki alƙawari ba, rai na Allah ne. Kwanakin farko su ne masu wuya. Mu za mu yi namu, ke kuma naki shi ne nono."

Nonon nan shi ya fi komai ba ni wuya. Jaririn da bai kai mako 34 ba yawanci bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba, idan aka tura masa nono a baki sai ya ƙware. Don haka tatsa ake yi, a zuba ta wata siririyar roba da ta bi ta baki har ciki. Ni kuwa ban taɓa ganin an tatsi mutum ba. Wata dattijuwar nas ta zaunar da ni a benci, ta ba ni ɗan kofin da aka dafa, ta kama hannuna ta ɗora babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, can gefen baƙin, ba a kan kai ba. Ta ce in danna ciki wajen ƙirji, in matse, in saki, kada in ja. Na yi ta yi har yatsuna suka gaji, sai ga ɗigo ɗaya rawaya mai kauri ya tsaya a bakin nono. Ba ta ma bari ya faɗa kofin ba, da sirinji ta zuƙe shi.

Dakashi ne, wanda a gida da an matse an zubar, a ce sai an wanke nono, a fara ba jariri ruwan dabino ko zamzam ko rubutu. Goggo ta zo da 'yar gorarta ta zamzam a ƙulle a haɓar zane, da kyakkyawar niyya. Sista ta fita ta same ta, ta rusuna ta gaishe ta, ta ce, "Goggo, ki ba uwar ta sha, albarkar za ta bi nono ta isa gare ta. Hanjin yarinyar nan ba ya ɗaukar komai yanzu sai wannan rawayan, shi ne rigakafinta na farko." Goggo ta yi shiru, can ta miƙo mini gorar, na sha. Na san Goggo. Da tsawa aka yi mata, da ta nemi hanyar da za ta ɗiga mata a ɓoye.

Mililita 2 aka fara ba ta, abin da bai kai rabin cokalin shayi ba. Ana ɗaga sirinjin sama a bar nonon ya gangara da kansa, kuma kafin a ba ta sai an duba ko cikin ya kumbura, ko ta yi koren amai. Idan ta riƙe, gobe a ƙara, a rage ruwan jijiya. Kowane awa uku ne, dare da rana. Ƙarfe sha biyu, ƙarfe uku, ƙarfe shida, nas za ta leƙo ɗakin iyaye ta ce, "Masu tatsa!", mu miƙe da magagi mu yi layi a bakin famfo.

Ɗakin iyayen nan tabarmi ne da 'yan katifu, kowa da ƙullin kayanta a kai. Akwai 'yar Fulani daga ruga, akwai wadda ta haifi 'yan biyu ɗaya ya koma, akwai wadda aka yi wa tiyata saboda jijjiga, ba ta san ta haihu ba sai da ta farfaɗo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda nononta ya ƙi zuwa za ki ga wannan ta tsiyaya mata kunun gyaɗa, waccan tana gasa mata baya da ruwan ɗumi. A bango akwai takardar da ta rage daga ranar bakwaini ta duniya, wadda a lokacin ake yi ranar 17 ga Nuwamba, tana cewa cikin kowane jarirai 10 da ake haifa ɗaya kafin lokacinsa yake zuwa. Sista ta ƙara mana da cewa Najeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu, tare da Indiya da Pakistan da Sin da Habasha. Ni da nake kwana da tunanin ko baki aka yi mini, wannan magana ta sauke mini nauyi. Wankan jego kuwa Inna ba ta haƙura ba, a bayan gini take dafa ruwa da ganyen darbejiya. Su Sista ba su hana ba, sai dai sun ce a sirka, kuma a rage kanwa a kunu don tana wahalar da zuciyar mai jego.

Wata rana ina tsaye hannuna a cikin kwalba allon ya hau ƙara. Ƙirjinta ya tsaya cak, leɓenta ya fara duhu. Kafin in buɗe baki Sista ta iso, ta ɗalli tafin ƙafarta, ta shafa bayanta, sai ta ja numfashi ta ci gaba. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Sista ta ce bakwaini kan manta da numfashi domin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai tuna masa bai yi ƙwari ba, kuma akwai maganin da suke ba ta kullum saboda haka, daga sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da gahawa. Ta sa na gwada a gabanta yadda zan kalli ƙirji, yadda zan taɓa ƙafa, da lokacin da zan ƙwala kira ba tare da jin nauyin kowa ba.

Ana cikin haka shawara ta shigo. Sista ce ta danna goshinta da yatsa ta ga wurin ya yi rawaya, aka ɗebi jini, aka kunna mata shuɗiyar fitila. Tsirara take kwana a ƙarƙashinta, idanu a rufe da ƙyalle. A gida ba a ɗauki shawarar jarirai bakin komai ba: a fitar da yaro hantsi, a jiƙa saiwa, a jira. A ɗakin nan na ga abin da jiran ke haifarwa. An kawo wani yaro ɗan wata tara cif, ƙato, ya yi kwanaki a gida har ya daina kama nono, yana banƙarewa yana wani siririn kuka mai tsini. Likita ya ce abin ya hau ƙwaƙwalwa. Aka nemo jini aka canja masa nasa kaɗan-kaɗan ta cibiya, amma bai yi rai ba. Uwar shimfiɗarta na kusa da tawa, ni na taya ta naɗe kaya. Kayan jaririn duk warin kafur suke. A ranar Sista ta tara mu ta ce duk mai kafur a akwatin kayan jariri ta fitar, ta wanke kayan ta shanya, domin akwai yaran da aka haifa da jinin da kafur ke farfasawa, shawararsu ta yi tsanani. Ta ce idan rawaya ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ba a kwana da ita a gida.

Maza kuwa tasu jinyar a waje take. Maigidana a barandar masallaci yake kwana da sauran iyaye maza, da an leƙo da takarda ya karɓa ya nufi wurin biya ko kantin magani. Gwajin jini, allurai, famfas, abincinmu. Ba wanda ya yi yawa shi kaɗai, amma kullum ne. Riɗin da ya ajiye don hidimar suna shi ya fara tafiya, sannan tumaki, sannan aka shiga rance. Na ga waɗanda suka sa hannu suka ɗauke jaririnsu ba don ya warke ba, sai don aljihu ya ƙare, kuma bakina ba zai iya zaginsu ba. Alhakin yana wuyan masu iko da suka bar talaka yana zaɓe tsakanin ran ɗansa da abincin sauran 'ya'yansa. Ranar suna aka yanka rago a gida, liman ya yi addu'a, aka raba goro, babu mai jego babu jaririya. An ba maigidana izini ya shiga, ya sunkuya a tagar kwalba ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa. Game da wanzami, likita ya ce aski ya jira, cire beli kuwa kada a kuskura, yanzu ko nan gaba.

Kwalaben ɗakin ba su kai yawan jariran ba, kuma idan wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta sai a kira mu kowa ta rungumi nata. Da numfashinta ya daidaita aka cire gorar nan, Sista ta ce lokacin goyon ƙirji ya yi. Shi ne dai abin da ma'aikaciyar can ta yi mana a daren farko, amma yanzu da ƙa'ida. Jaririya daga ita sai ƙunzugu da hula da safa. A tsayar da ita tsakanin nonuwa, kai ya juya gefe, haɓa ta ɗan ɗaga don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu a tanƙware kamar na kwaɗo. A ɗaure da zane, bakin zanen daidai ƙasan kunnenta, a ɗora riga mai buɗaɗɗen gaba. Barci ma a kishingiɗe ake yi da matasai a baya.

A nan kunya ta tare ni. 'Yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa; kaka ce ke hidimarsa. Ga shi an ce in yini in kwana da ita manne a ƙirji, in yi yawo a haka gaban Inna da Goggo da surukata da ta zo dubiya. Ina hango surukata na fara kwance zanen. Ita ce ta ɗaga hannu ta ce, "Bar ta, 'yar nan, bar ta. Ran yarinya ake nema. In kun koma gida kya ɗora kunyarki daga inda kika tsaya." Ban taɓa jin ta kusa da zuciyata irin ranar ba.

Wani ƙaramin likita mai son hira ya ba mu tarihin abin. Ya ce a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara a 1978, a asibitin da jarirai suka fi kwalabe yawa. A da sai jariri ya warware ake farawa. Sai aka yi bincike a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife a nan gida, aka ga idan an fara tun daga haihuwa mutuwar ƙananan jarirai tana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa farawa nan take, a yi awa 8 zuwa 24 a rana. Ni abin da na shaida shi ne a ƙirjina allon nan ya rage ƙara, nonona ya ƙaru har yana zuba, kuma ina jin canjin numfashinta kafin na'ura ta yi motsi.

Sai dai ba aikin mutum ɗaya ba ne. Baya yana ciwo, gumi yana tsiyaya ko a hunturu, ga cin abinci ga banɗaki. Inna ta riƙa karɓa ta, tana cewa duk goyon da ta yi a duniya ba ta taɓa zaton za ta yi na gaba ba. Maigidana ma Sista ta kira shi ta ce, "Malam, cire rigarka." Ya ja baya, ya dubi ƙofa, Inna ta fice ta ba shi wuri. Da aka ɗaura masa ita ya zauna ƙiƙam ko motsi ba ya yi, har ta yi barci, na ga hawaye yana bin gemunsa. Tun daga ranar shi ke karɓar ta tsakanin azahar da la'asar.

Kowace safiya sikeli ne ke yanke mana hukuncin yinin. A makon farko ta faɗi ƙasa da kilo 1.3, na yi kuka, aka ce haka jarirai suke yi, ruwa ne ke fita. Daga nan ta fara hawa, giram 20, giram 25, wata rana ta tsaya. Abin da suke nema shi ne kimanin giram 15 a kan kowane kilo na nauyinta a rana. Muka bar roba muka koma kofi: a tallafe ta a zaune, a kafa bakin kofin a leɓenta na ƙasa har nono ya taɓa, ita za ta lasa da harshe, ba a ɗura mata. Sannan aka fara sa ta a nono, ta yi tsotso biyu ta yi barci. Ranar da ta kama da ƙarfi har na ji a marata, duk matan ɗakin na kira su zo su gani.

Ba sai ta yi ƙiba aka sallame mu ba. An dai tabbatar tana riƙe ɗumi a ƙirji ba kwalba, tana shan nono ko kofi, nauyi na hawa a jere, numfashi ya daina tsayawa, kuma na iya komai ba sai an tsaya a kaina ba. Kilo 1.7 take ranar, bayan mun haura wata a wurin. Aka yi mata allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a damtse, aka ce ta mako shida daga ranar haihuwa ake ƙirgawa, ba a jinkirta wa bakwaini. Aka ba mu ɗigon ƙarin jini, da takardar ganin likitan ido a Kano, domin jijiyoyin idon bakwainin da ya sha oksijin kan samu matsala ba tare da an gani daga waje ba. Sista ta sa na maimaita mata abubuwan da in na gani zan dawo ko tsakar dare ne: ƙin nono, sanyin jiki ko zazzaɓi, numfashi da sauri, kumburin ciki, jijjiga.

Gida ya fi asibiti wuya ta wani fannin, domin a gida babu ƙofa mai doka. 'Yan barka suka cika tsakar gida, kowa tana son ta karɓa ta ga kamannin wa ta ɗauko. Goggo ce ta zama mai gadi. Ta ajiye buta da sabulu a bakin ɗaki, ta dasa kujerarta 'yar tsugunno, ta ce gani daga nesa ya isa, mai tari ko mura kuwa daga zaure zai aiko da gaisuwa. An yi gutsiri-tsoma, an ce mun je birni mun koyo iyayi. Ko a jikin Goggo. Garwashi da turaren wuta muka fitar daga ɗakin saboda hayaƙi. Wanka sai shafa da tsumma mai ɗumi da rana tsaka, sashe-sashe. Muka ci gaba da goyon ƙirji ni da Inna da ƙanwata, muna komawa awon nauyi, har ta kai kilo 2.5, lokacin da ita da kanta ta fara ture zanen tana fitar da ƙafa. Idon ya fito lafiya. Zama da rarrafe duk ta yi su a bayan sa'o'inta, amma likita ya riga ya gaya mana mu riƙa cire wata biyun da ba ta cika a ciki ba idan muna irin wannan lissafi. Yanzu gudu take a tsakar gida, sai dai ba ma wasa da tari idan ya zo mata.

Ina da wani cikin yanzu. An gaya mini wadda ta taɓa haifar bakwaini tana iya sakewa, don haka tun da na gane na fara awo a babban asibiti, aka rubuta tarihin a saman katin da jan biro. An gwada fitsari, ana duba hawan jini duk zuwa, ina kwana a gidan sauro, ina karɓar maganin zazzaɓin cizon sauro na masu ciki. Maigidana ya ware buhun riɗi ya ce ba mai taɓa shi ko kasuwa ta yi tsada, ya kuma yi magana da mai mota a garinmu, ya karɓi lambarsa da ta ƙaninsa ko da ɗaya ta ƙi shiga.